Tsaga Ɗaya a Sandar Awo

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Na juya littafin awon mai ta baya na fara rubutu a nan, domin ba ni da wata takarda a ɗaki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Gladys, matar ɗana Aaron, ta bugo waya jiya da magariba daga Yauri. Jirgin Aaron ya kife a tafki yana dawowa daga kasuwar tsallake. Inji ya mutu a tsakiyar ruwa, iska ta taso. Mutum ashirin da biyu ne a ciki. An tsamo sha tara da rai, har da shi. Uku ba a gan su ba.

Na ce mata, "Yana magana?" Ta ce, "Baba, yana dai numfashi."

A gaban littafin nan, a layin jiya Alhamis, akwai abin da na rubuta da hannuna ƙarfe biyu na rana. Ban cike sauran layin ba. Ban kuma sake buɗe shafin ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da azahar

An ga biyu. Saura ɗaya.

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

An ga ta ukun da safe. Hafsat ce, mai busasshen kifi. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma shekara guda ke nan ina cin kifinta. Duk wata sai ta ƙulla ƙarfasa biyar a takarda ta ba Aaron, ta ce a kai wa tsohon da ya rage musu shan mai, shi ya sa ba a ƙara musu kuɗin jirgi ba. Akwai sauran biyu a kwano. Na rufe kwanon na ɗora bisa kabad.

Ban je coci ba. Na ce ƙafa ce. Fasto ya aiko a gaishe ni, ya ce sun yi addu'a domin Aaron, kuma sun gode wa Allah da ya ba shi uba mai ilimi da zai tsaya masa. Da matata Alice na raye da ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Solomon, me ka yi?" Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa iya ɓoye mata ko fashewar kofi ba.

Talata, 14 ga Mayu, da hantsi

Zakariyya ya shigo da tabarmarsa kamar kullum. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda muka yi ƙuruciya tare a Rikoto, unguwarmu a nan Zuru. Ya ce, "Injiniya, kai dai ka yi shiru awa an aiko ka. Inji ne, yana mutuwa. Mu ma da Allah ya ƙera muna mutuwa, balle abin Bature."

Na ce haka ne.

Ya ce in ba shi labarin yadda na gyara wa yaron aiki, ko zuciyata ta yi sanyi. Na ba shi, don na saba ba shi. Bari in rubuta a nan ma yadda nake faɗa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da injin babban jirgin fito a tafkin nan. Ban taɓa tsayar da jirgi a ruwa saboda mai ba. Aaron ya ƙi soja, ya ƙi karatu, ya tafi Yauri ya sayi jirgin katako da inji a bayansa, muka yi shekara tara gaisuwar Kirsimeti kawai ke haɗa mu. Da mai ya yi tsada bara, ya kira ni da kansa. Ya ce, "Baba, jirgin nan zai cinye ni. Lita sha biyu kowace tsallakawa." Na ce ya ɗauko biro.

Ya kankare gansakukar da ke ƙarƙashin jirgi duk sati biyu. Ya kai farfela a miƙe mata baki. Kada ya buɗe wuta gaba ɗaya, ya tsaya a kashi uku cikin huɗu, minti goma da zai ƙara a hanya ba za su kashe kowa ba. Ya sa buhuna a tsakiya, mutane gefe da gefe, kada hancin jirgi ya ɗaga. Kuma ya auna, kafin tashi da bayan sauka, ya bugo ya faɗa mini in rubuta. Na sassaƙa masa sandar awo da icen kirya, na aika da ita a mota. Cikin wata huɗu muka sauko daga sha biyu zuwa takwas.

Zakariyya ya ce, "To ka gani? Wanga duk alheri ne." Na ce haka ne.

Minti goma ba za su kashe kowa ba. Haka na faɗa masa, da bakina.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Ranar kasuwar tsallake. Wayar tana kan tebur. Na sa mata caji tun safe.

Alhamis, ƙarfe uku

Ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da la'asar

Gladys ta zo da kanta. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta share ɗaki, ta zubar da tuwon da ya kwana biyu, sannan ta zauna.

Ta ce ba inji ne ya lalace ba. An jawo jirgin gaɓa, makaniki ya duba, lafiyarsa lau. Mai ne ya ƙare. Yanzu maganar da ke yawo a kwata, tashar jiragen ruwa, ita ce Aaron ya san tankinsa babu komai, ya ƙi sayen mai a tsallake don rowa, ya ɗebi mutane ya shiga ruwa da caca. Dattawan kwata za su zauna ran Litinin tare da dangin mamatan. In suka tabbatar da gangan ya yi, za su raba shi da ruwa har abada, su kuma kai shi gaban hukuma da shaidarsu. Ta ce, "Baba, yara sun daina zuwa makaranta. Ana nuna su."

Na ce, "Shi me ya ce?"

"Ba ya cewa komai. Ko ni ba ya kallo."

Sai ta buɗe jakarta ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Sandar ce. Ta ce a hannunsa aka tsamo shi da ita, bai sake ta ba. Jiya ya ba ta, ya ce, "Ki kai wa Baba. Ki ce ya ajiye, kada kowa ya gani."

Na tambaye ta ko tankin ya fashe ne. Ta ce a'a, yana nan a kwata an ajiye shi shaida, ɗan duron nan ne da ke kwance ƙarƙashin benci.

Na ce, "A kwance?"

Ta ce, "To da a tsaye zai shiga ƙarƙashin benci, Baba?"

Na ce ta yi sauri kada motar Yauri ta tashi ta bar ta.

Lahadi, 19 ga Mayu, da safe

Inci sha biyar zurfi, lita sittin. Abin da na tambaye shi ke nan a waya bara, abin da ya faɗa mini ke nan. Na raba sha biyar gida shida, na yi tsaga shida da rula, inci biyu da rabi tsakani, kowace tsaga lita goma. Aiki mai tsabta. Har na goga mata man gyaɗa.

Tankunan jirgin fito kamar akwati suke.

Ban tambaye shi ba. Tambaya ɗaya.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Yau ake zama. Ƙafata ta kumbura da gaske, ba ƙarya nake yi ba. Kowa ya zo ya gani.

Litinin, da la'asar

Na ɗauko tsohon gwangwanin madara mai murfi, na kwantar da shi, na huda bayansa da ƙusa. Na sami kofin da shida ke cika shi. Na yi wa tsinken tsintsiya tsaga shida daidai wa daida. Na zuba ruwa har ya taɓa tsaga ta farko, na juye a kofi.

Bai cika kofin ba. Kashi biyu cikin uku.

Na sake. Na sake. Sau bakwai na yi. Abu mai zagaye in ya kwanta, cikinsa ne mai faɗi, gindinsa tsukakke. Wannan Mista Yero ya koya mana a makarantar koyon sana'a ina ɗan shekara sha bakwai, har ya buge ni da rula a kansa. Muddin Aaron na aunawa a tsakiyar duro, sandar ba ta yi masa babbar ƙarya ba. A tsagar ƙasa, ta ƙarshe, ta jira shi.

Zakariyya ya same ni tsugune cikin caɓi. Ya ce, "Mi nika gani haka? Injiniya ya koma wasan ƙasa. In kawo maka langa ka yi tuwon yara?" Na yi dariya don ya tafi. Bai tafi ba. Ya zauna ya kalli gwangwanin, ya kalli sandar da na manta a kan tabarma, ya kalle ni. Ya ce, "Solomon." Rabon da ya kira sunana tun ranar jana'izar Alice. Na ce ina jin barci.

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Gladys ta bugo. An yi zaman. Aaron ya miƙe ya ce, "Laifina ne, ku yi yadda kuka ga dama," ya zauna. Dattawa sun so su yanke a take. Malam Yusha'u, mijin Hafsat, shi ya hana. Ya ce shekara shida matarsa na shiga jirgin nan, ya san Aaron ba mahaukaci ba ne, kuma shi ba hukunci ya zo nema ba, dalili ya zo nema. An ɗaga zuwa Talata mai zuwa. In Aaron bai buɗe baki ba a ranar, shi ke nan.

Ta ce, "Baba, kai yake jin maganarka. Ka kira shi." Na ce zan kira.

Laraba, 22 ga Mayu

Ban kira ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Sati biyu cif, daidai wannan lokaci. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Ya bugo daga tsallake. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ana ta kiran a matsa da awaki. Ya ce, "Baba, saura tsaga ɗaya. Hadari ya ɗan haɗo daga gabas. Akwai 'yan bumburutu a nan, in ƙara ko lita biyar?"

Na ce man bumburutu rabinsa kananzir ne, zai ɓata mana inji ya ɓata mana lissafi. Na ce, "Tsaga ɗaya lita nawa ce?" Ya ce goma. "Hanyarka lita nawa ce?" Ya ce takwas. Na ce, "To me kake tsoro? Wa ya yanka sandar?" Ya yi dariya ya ce, "Injiniya ne." Na ce, "Taho."

Ya tambaya. Yaron ya tambaya.

Lita shida da rabi ke cikin duron nan, kuma bakin tiyo ba ya kai wa ƙasa.

Akwai kuma jarkar ko-ta-kwana da yake ɗauka a da. Ni na sa ya daina, tun watan Janairu. Na ce mai jarka a baya ba ya koyon awo. Gaskiyar ita ce mai jarka a baya ba ya bukatar ya kira ubansa kowace Alhamis.

Juma'a, 24 ga Mayu, da hantsi

Na hura wuta na dafa ruwan shayi. Sandar na kusa da murhu. Kirya ce, za ta daɗe tana ci, amma za ta cinye. Shi da kansa ya ce kada kowa ya gani. In na bi maganarsa, ai biyayya ce ga abin da yake so. Shekarata saba'in da takwas. Abu ɗaya ya rage mini a garin nan, in na wuce yara su ce ga Injiniya. Shi yana da ƙarfi, zai iya noma, zai iya komai.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Rubutuna ne, ba na wani ba.

Shayin ya huce.

Asabar, 25 ga Mayu

An yi ruwa. Kowa ya tafi tudu shuka. Unguwa shiru, sai ni da kaji.

Lahadi, 26 ga Mayu, da yamma

Na faɗa wa Zakariyya. Duka, har jarkar. Bai ce Allah ya kyauta ba, bai ce ƙaddara ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗanka ya riƙe maka asiri a cikin ruwa, hannu guda yana iyo. Kai kana bisa tudu da hannu biyu."

Na ce ƙafata ba za ta kai ni Yauri ba.

Ya ce, "Ƙafa ke tuƙa mota? Gobe da sassafe ina ƙofarka. In ka ce ba ka zuwa, in ɗauke ka awa buhun dawa, mutanen Rikoto su sha kallo."

Na ce ya tsufa da ɗaukar buhu. Ya ce ai ni buhun ƙaiƙayi ne.

Litinin, 27 ga Mayu, da magariba, Yauri

Mun biyo ta Mahuta. Hanya ta girgiza duk wani ƙashi da nake da shi. Na ga ruwan daga nesa, shekara goma sha tara rabona da shi. Yana kwance lumui kamar bai san komai ba.

Aaron ya fito ya ganni a tsakar gida da sandar a hannu. Ya tsaya. Ya ce, "Na ce ka ajiye." Na ce na ji. Ya ce, "Baba, koma gida. Sun riga sun gama da ni, me zai sa su haɗa da kai? Jifan ka za su yi." Na ce in an jefe ni ba za a yi asarar dutse da yawa ba. Bai yi dariya ba. Ya shige ɗaki. Gladys ta kawo mana ruwa.

Talata, 28 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

An yi a ƙarƙashin rumfar kwata. Mutane sun fi ɗari. Shugaban dattawa, wani mai suna Mika, ya tambayi Aaron ko yana da magana. Kafin ya girgiza kai na miƙe, Zakariyya na riƙe da gwiwar hannuna. Na faɗi sunana da aikina na da. Na roƙi a kawo duron, a kwantar da shi yadda yake a jirgi, a kawo jarka mai lita goma cike da ruwa.

Aka zuba. Na tsoma sandar na ɗaga sama. Jiƙon ya wuce tsagar farko da kusan inci guda. Na ce, "Ga inda lita goma take. Ga inda na yanka. Ni na yanka, a Zuru, ban taɓa ganin duron ba. Ya bugo mini waya ranar, ya ce zai ƙara mai, ni na hana shi." Na buɗe littafin nan ta gaba na miƙa wa Mika, ya karanta layin da ƙarfi: Alhamis, tara ga wata, ƙarfe biyu, tsaga ɗaya, ya isa.

Sai wani matuƙi daga baya ya ce, "Tsoho, mu da ba mu yi boko ba girgiza jarka muke yi mu saurara, kuma ba mu taɓa tsayawa a ruwa ba." Wasu suka yi guna-guni. Wata mata ta fashe da kuka, aka fita da ita. Ba a yi jifa ba. Da an yi da ya fi sauƙi.

Malam Yusha'u ya taso. Siririn mutum ne, ya girmi Aaron kaɗan. Ya karɓi sandar ya jujjuya ta, ya sa babban yatsa a tsakanin tsagar da jiƙon. Ya ce, "Baba, wannan ɗan wurin ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Lita nawa ya rage ku kai gaɓa?" Na ce kamar biyu. Ya ce, "Da kun faɗa mata, da ta saya muku." Ya mayar mini da sandar da hannu biyu, yadda ake ba babba abu, ya koma ya zauna.

Dattawa sun ce ba ganganci ba ne, ba kuma za su kai shaidar ganganci ko'ina ba. Amma matuƙi shi ke da jirginsa, ba mai waya ba. Aaron zai bar ruwa damina biyu. Ni kuma an rubuta sunana da bayanina, in hukuma ta neme ni in zo. Na ce ina Rikoto, ba na zuwa ko'ina. Mika ya ce daga yau duk jirgin da zai tashi daga kwatar nan sai an ga jarkar ko-ta-kwana a cikinsa.

Laraba, 29 ga Mayu, da azahar, a mota

Ya rako mu tasha. Bai yi mini magana ba tun jiya. Ya yi faɗa da yaron mota sai da aka ba ni gidan gaba, ya naɗe rigarsa ya sa mini a ƙarƙashin ƙafar. Na ce, "Aaron." Ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Ya juya.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Na je coci. Labari ya riga ni. Mai gadin ƙofa ya ce, "Sannu, Baba Solomon." Shekara ashirin yana ce mini Injiniya.

Na sauko da kwanon kifin. Ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba. Na mayar.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe biyu da kwata

Wayar ta yi ƙara. Hannuna ya kai ga biro kafin in tuna.

Babu hayaniyar kasuwa a bayansa, sai kukan zakara. Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Baba, ka sha maganin ƙafar?" Na ce na sha. Ya ce, "Saura ƙwaya nawa?" Na ce za su isa.

Ya ce, "Juye su a hannu ka ƙirga. Ina jira."

Na juye. Huɗu ne. Da ban ƙirga ba, da na ce masa goma.